Ɗaki, Suna da Makara: Tambayoyi da Amsoshi kan Mata, Kaɗaici da Mutuwa a Adabin Zamani

Akwai sunayen da ba a ambatonsu a majalisar masu karance-karance sai an sassauta murya: Sylvia Plath, Virginia Woolf, Anne Sexton, Forugh Farrokhzad. Kafin a ce ga abin da suka rubuta, an riga an ce ga yadda suka mutu. Wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi a kan wannan fanni domin in amsa su iyakar fahimtata.

Me ya sa mace da kaɗaici da mutuwa suke yawan haɗuwa a adabin zamani?

Tun kafin mata su samu alƙalami sosai, maza sun daɗe suna rubuta gawar mace. A 1846 marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya faɗa ƙarara a wata maƙala cewa babu jigon da ya kai mutuwar kyakkyawar mace dacewa da waƙa. A Faransa Flaubert ya fitar da Madame Bovary a 1857, a Rasha Tolstoy ya biyo da Anna Karenina bayan kusan shekara 20. Dukansu labarin matar aure ne da zama ya ishe ta, ta ƙetare iyaka, ta ƙare da hallaka kanta. Littattafai ne masu girma, ban musa ba. Amma a cikinsu mace abin kallo ce, marubuci na tsaye a kanta yana ba mu labari.

Da mata suka karɓi alƙalamin a ƙarshen ƙarni na 19 da cikin na 20, jigon bai canja ba, mai magana ce ta canja. Wadda ake kallo ta buɗe baki ta ce ga yadda ɗakin yake daga ciki, ga abin da ke zuwa wa mutum a zuciya da ƙarfe uku na dare jariri na kuka, ga yadda ake ji idan kowa na yabon haƙurinki alhali ke kin san ƙarewa kike yi. Kaɗaicin kuwa ba daga sama ya faɗo ba. An hana su jami'a, an hana su mallakar dukiya a ƙasashe da yawa, an ce musu gida ne iyakar duniyarsu. Wanda aka zaunar a ɗaki, labarin ɗaki zai bayar.

Idan aka ce mace tana "neman kanta" a cikin littafi, me ake nufi?

Mu da ke jin Hausa bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Yarinya tana tasowa 'yar wane ce. Ta yi aure ta zama amarya, a yi mata kishiya ta zama uwargida, ta haihu ta zama Maman wane, auren ya mutu ta zama bazawara. Duk sunayen nan gaskiya ne, wasu ma abin alfahari ne, amma kowanne da wani aka jingina shi. Tambayar da waɗannan marubuta suka yi ita ce: idan aka cire duk waɗannan, wa ta rage?

Batun suna ya bi su har kan bangon littafi. 'Yan'uwan nan uku na gidan Brontë a Ingila sun fitar da littattafansu a 1847 da sunayen da ba a gane mata ne ba: Currer, Ellis da Acton Bell. Mary Ann Evans ta koma George Eliot har duniya ta manta sunan yankanta. Sylvia Plath ta buga ƙagaggen labarinta guda ɗaya tilo, The Bell Jar, da sunan Victoria Lucas. Bayan ta mutu ma rigimar suna ba ta ƙare ba, don an sha zuwa kabarinta a ƙauyen Heptonstall ana kankare sunan mijinta daga jikin dutsen, ana sake gyarawa.

A cikin The Bell Jar ɗin akwai wani hoto da ban taɓa mantawa ba. Tauraruwar, Esther, tana ganin rayuwarta kamar bishiyar ɓaure. Wannan ɗan ɓauren miji ne da 'ya'ya, wancan shahara a waƙa, wancan koyarwa a jami'a, wancan tafiye-tafiye. Tana zaune a tsakiyar rassan yunwa na cinta, don idan ta tsinki ɗaya ta rasa sauran, har suka yanƙwane suka zube. Namiji a zamaninta ba a ce masa ya zaɓi ɗaya ba.

Amma wasu marubutan kaɗaicin suke nema, wasu kuma kuka suke da shi. Ba su saɓa wa juna ba?

Ba su saɓa ba. Abin dubawa shi ne a hannun wa makullin ɗakin yake.

A watan Oktoban 1928 Virginia Woolf ta yi wa ɗalibai mata lacca a kwalejojin Newnham da Girton na Jami'ar Cambridge, ta faɗaɗa ta zuwa littafin A Room of One's Own a 1929. Maganarta ba ta da kwana-kwana: mace in za ta yi rubutu tana buƙatar kuɗinta, ta ma yanke adadi, fam 500 a shekara, da ɗaki nata mai makulli. Ta ƙago wa Shakespeare ƙanwa mai suna Judith, mai baiwa daidai da tasa, ta bi sawunta: an hana ta makaranta, an matsa mata aure, ta gudu Landan, aka yi mata dariya a ƙofar gidan wasan kwaikwayo, ta yi ciki, ta mutu ba ta rubuta komai ba. Wannan ɗakin da Woolf ke nema, mai ɗakin ce ke kulle shi daga ciki.

Ɗaya ɗakin kuma daga waje ake kulle shi. Charlotte Perkins Gilman, Ba'amurkiya, ta shiga matsananciyar damuwa bayan haihuwa. A 1887 aka kai ta wajen shahararren likitan jijiyoyi Silas Weir Mitchell a Philadelphia, ya ɗora ta a kan abin da ake kira maganin hutu: kwanciya, cin abinci, nisantar karatu, kuma ya sallame ta da umarnin kada ta sake taɓa alƙalami muddin ranta. Ta ce saura ƙiris hankalinta ya gushe. Da ta watsar da umarnin ta koma aiki, sai ta rubuta gajeren labarin The Yellow Wallpaper, wanda aka buga a 1892, inda miji likita, cikin so da lallashi, ya ajiye matarsa a ɗakin sama har ta fara ganin wata mace tana rarrafe a bayan takardar adon bango tana neman fita. Abin da ya fi tayar da hankali a labarin, mijin ba mugu ba ne. Yana sonta. Bai dai taɓa tambayarta abin da take ji ya tsaya ya saurara ba.

Emily Dickinson kuwa tsakani take. Ta rayu daga 1830 zuwa 1886 a garin Amherst, kuma a rabin rayuwarta na biyu da wuya take fita daga gidan mahaifinta, har baƙi takan yi musu magana daga bayan ƙofa. Mutane na son su zana ta a matsayin fatalwa cikin farar riga. Amma ita ke gasa burodin gidan, tana da lambun furanni, ita da ƙanwarta Lavinia sun yi jinyar mahaifiyarsu shekara bakwai, tana kuma musayar wasiƙu da mutane da dama. A cikin wannan zama ta rubuta waƙoƙi kusan 1,800, waɗanda aka buga tana raye ba su fi goma ba, su ma babu sunanta. Bayan rasuwarta Lavinia ta tarar da su, da yawa an ɗinke su da zare ƙananan littattafai guda 40. Ta yi wa mutuwa waƙoƙi barkatai, har ta siffanta ta da dattijo mai ladabi da ya tsaya da keken doki ya ɗauke ta. Ita kuma rashin lafiya ce ajalinta tana da shekara 55.

Wace ce Sylvia Plath, kuma me ya sa sunanta ke fara zuwa?

An haife ta a Boston ranar 27 ga Oktoban 1932. Mahaifinta, Otto Plath, malamin jami'a ne masanin ƙudan zuma, ya rasu tana da shekara takwas, kuma wannan rashi bai taɓa barin waƙoƙinta ba. Ɗaliba ce mai tsananin ƙoƙari a Kwalejin Smith. A 1953, bayan ta yi wata guda tana aiki da wata mujallar mata a New York, ciwon damuwa ya kayar da ita, ta yi yunƙurin kashe kanta, aka kwantar da ita a asibiti watanni. Ta warke, ta kammala karatu, ta samu tallafin Fulbright zuwa Cambridge. A can ta haɗu da mawaƙi Ted Hughes a Fabrairun 1956, suka yi aure a watan Yuni. Sun haifi Frieda a 1960 da Nicholas a 1962.

A cikin 1962 ta gano yana neman wata mata, suka rabu. Ta zauna a gidansu na karkara a Devon da goyo da 'yar shekara biyu. Nan ne abin mamakin ya faru. Takan tashi da ƙarfe huɗu na asuba kafin yara su farka, ta zauna rubutu, kuma a cikin watan Oktoba kaɗai ta rubuta waƙoƙi sama da 20, ciki har da mafi shahararta. A Disamba ta koma Landan da yaran, ta kama haya a gidan da mawaƙi Yeats ya taɓa zama. Hunturun wannan shekara na daga cikin mafi tsanani da Ingila ta gani a ƙarnin. Bututun ruwa ya daskare, yara na fama da mura, gidan babu tarho. The Bell Jar ya fito a Janairun 1963. Ranar 11 ga Fabrairu ta kashe kanta, tana da shekara 30.

Sunanta ke fara zuwa saboda dalili biyu. Ɗaya mai kyau ne: kundin waƙoƙinta Ariel, wanda ya fito a 1965, ya zo da murya irin wadda ba a saba ji daga bakin mace ba, fushi tsirara a kan uba da miji da likita, da kuma tausayi mai taushi ga jaririnta. A 1982 aka ba ta kyautar Pulitzer bayan mutuwarta. Ɗaya dalilin kuwa ba na jin daɗinsa: mutuwarta ta zama talla. Aka riƙa karanta kowane baiti kamar wasiyya, kamar duk shekarun da ta yi tana goge basirarta shiri ne kawai na ranar 11 ga Fabrairu.

To ba ciwon ne ya ba su baiwar ba? Ai ana cewa basira da taɓin hankali 'yan gida ɗaya ne.

Wannan ita ce maganar da na fi ƙi a duk fannin, don tana da daɗin faɗa kuma tana cutarwa. Gaskiya ne wasu masana halayyar ɗan Adam sun lura ana samun ciwon damuwa da yawa a cikin mawaƙa mata, har James Kaufman ya laƙaba wa abin sunan Plath a 2001. Amma a ga abu biyu a wuri guda ba shi ne ɗaya ya haifi ɗaya ba.

A duba rayuwarsu. Lokacin da ciwon Woolf ya tashi, ba ta iya rubutu, kwanciya take yi watanni. Littattafanta a tsakanin tashin ciwo ta rubuta su, cikin tsari da zama kan tebur kowace safiya, ga kuma maɗaba'ar Hogarth da ita da mijinta Leonard suka kafa a 1917. Ta kai shekara 59, ta mutu a Maris ɗin 1941, bayan bama-baman Jamus sun rushe gidansu na Landan. Plath a 1953 abin da ya fi firgita ta shi ne ta kasa karatu, ta kasa rubutu, ta kasa barci. Anne Sexton likitanta ne ya ba ta shawarar ta riƙa rubuta waƙa, waƙar kuma ta riƙe ta kusan shekara 18, har ta ci Pulitzer a 1967, kafin ciwon ya rinjaye ta a 1974. Ciwon ɓarawo ne da ya sace mana littattafan da ba su kai ga rubutawa ba.

Bayan mutuwar Sexton, mawaƙiya Adrienne Rich ta yi wani jawabi inda ta nuna cewa ya isa haka, mata mawaƙa masu hallaka kansu sun ishe mu. Ita kanta Rich ta rayu har 2012 tana rubutu. Anna Akhmatova ta Rasha, wadda gwamnati ta harbe tsohon mijinta, ta kuma yi wata 17 tana bin layi a ƙofar kurkukun Leningrad saboda ɗanta, ta kai shekara 76. Wisława Szymborska ta Poland, mai kyautar Nobel ta 1996, ta kai 88. Su ma sun rubuta mutuwa da kaɗaici, kuma ba wanda zai ce tasu waƙar ba ta kai ba.

Wannan duk ba damuwar matan Turawa ba ce?

A'a. Forugh Farrokhzad 'yar Tehran ce, 'yar wani hafsan soja. Ta yi aure tana da shekara 16, ta haifi ɗa namiji Kamyar, auren ya mutu, aka raba ta da yaron. Raɗaɗin wannan rabuwa yana nan a waƙoƙinta har ƙarshe. Ta yi magana a kan sha'awa da zunubi da kaɗaici da muryar mace, a ƙasar da ta shekara ɗaruruwa mawaƙanta maza na yabon masoyiyar da ba ta cewa uffan, aka kuwa yi mata ca. A 1962 ta je wani sansanin kutare kusa da Tabriz ta ɗauki ɗan gajeren fim a kansu, ta kuma ɗauko wani yaro daga can ta riƙe. Ta rasu a haɗarin mota a Fabrairun 1967 tana da shekara 32. Na sa ta a jerin farko da gangan, don mutane da yawa sukan zaci ita ma kanta ta kashe. Tatsuniyar ta yi ƙarfin da har ana cusa mata wadda ba ta ciki.

A ƙasashen Larabawa akwai May Ziyada, wadda majalisinta na ranar Talata a Alƙahira ke tara manya irin su Taha Husain da Abbas al-Aƙƙad. Da ta rasa mahaifinta da mahaifiyarta da Jibran Khalil Jibran, wanda suka shekara kusan 20 suna musayar wasiƙu ba su taɓa haɗuwa ba, baƙin ciki ya kama ta. Danginta suka kai ta asibitin masu taɓin hankali a Labanan ba da sonta ba. Sai da ta fito ta yi lacca a gaban jama'a a Bairut kafin a yarda hankalinta garau yake. Ta rasu a Alƙahira a 1941. Nazik al-Mala'ika ta Iraƙi ta rubuta waƙarta a kan annobar kwalara da ta afka wa Masar a 1947, wadda ake lissafawa cikin waƙoƙin da suka karya tsohon ma'aunin waƙar Larabci, ta kuma yi wata a kan yarinyar da ɗan'uwanta ya kashe da sunan wanke abin kunya. Nawal el-Sa'adawi, likita, ta gina labarin Firdausi a kan wata mata da ta gana da ita a kurkukun Ƙanatir tana jiran hukuncin kisa.

A Afirka fa?

Idan littafi ɗaya zan miƙa wa Bahaushiya a wannan fanni, na Mariama Bâ ta Senegal ne, Une si longue lettre, wanda ya fito da Faransanci a 1979 ya ci kyautar littattafan Afirka mai suna Noma a karonta na farko a 1980. Dalili kuwa, duk littafin a cikin takaba aka rubuta shi. Ramatoulaye malamar makaranta ce a Dakar, uwar 'ya'ya 12. Mijinta Modou ya auri ƙawar 'yarsu, ya tattara ya koma can, bai sake ta ba kuma bai dawo ba, har ya mutu. Yanzu ga ta zaune wata huɗu da kwana goma, ga 'yan gaisuwa, ga dangin miji na rabon kaya, ga kishiya sa'ar 'yarta a gefenta. Sai ta ɗauki littafin rubutu ta fara wasiƙa zuwa ga aminiyarta Aissatou.

A nan mutuwa da kaɗaici da neman kai suka haɗu wuri guda, amma ba mace ce ta mutu ba. Zaman da shari'a ta ɗora mata ya zama mata ɗakin da Woolf ke magana a kai. A karon farko cikin shekara 30 ta samu lokacin da za ta tambayi kanta me ya faru da ita. Da wan mijin, Tamsir, ya zo bayan sadakar arba'in yana cewa zai aure ta idan ta fita takaba, bakin da ya daɗe a rufe ya buɗe, ta wanke shi tas. Ba ta bar addininta ba, ba ta bar 'ya'yanta ba, ba ta bar garinta ba. Mariama Bâ ta rasu a 1981, kafin littafinta na biyu ya fito.

Buchi Emecheta ta Nijeriya ta bi ta wata hanya mai ɗaci a The Joys of Motherhood, shi ma na 1979. Nnu Ego ta sadaukar da komai a Legas don ta raini 'ya'ya, manyan suka tafi ƙasashen waje, ta mutu ita kaɗai a bakin hanya a ƙauye, sannan 'ya'yan suka dawo suka yi mata jana'izar kece raini. Ita Emecheta, mijinta ya ƙona mata rubutun littafinta na farko a Landan. Ta fita da 'ya'ya biyar ta sake rubuta shi.

Shin akwai irin wannan a adabin Hausa?

Akwai, sai dai kamanninsa daban. Matan Hausa sun daɗe suna zuba abin da ke ransu a waƙoƙin niƙa da daka da daɓe da reno, inda za a yi wa kishiya da uwar miji habaici ba a kama suna ba. A rubuce kuma muna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da marsiyyoyinta ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da aminiyarta A'isha, inda malama mai girma ta bari aka ga hawayenta.

A ƙagaggun labarai, Hafsatu Abdulwahid ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana da kimanin shekara 13, ta zo da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. A na biyun, Rabi ce miji ya kora da 'ya'ya tara saboda sabuwar amarya, ta kama sana'ar abinci ta riƙe su. A karatuna, mutuwar da ta fi yawa a littattafan matanmu ba ta makara ba ce. Mutuwar aure ce, da mutuwar zuciya, da irin zaman da mace ke yi a gida cike da mutane ba wanda ya san abin da ke cinta. Kaɗaicinmu ba na ɗaki shiru ba ne, na tsakar gida mai hayaniya ne.

Gasar Hikayata ta sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata zalla, ta fito da gajerun labarai da yawa a kan irin waɗannan jigogi. A WhatsApp da Wattpad kuma dubi yadda marubuta da yawa ke sa hannu: Maman wance, Ummu wane, Matar wane. Wani lokaci kunya ce, wani lokaci kariya ce daga surutun dangi. Ko ma mene ne, tambayar sunan da 'yan gidan Brontë suka fuskanta a 1847 tana nan a wayoyinmu.

Ya halatta Musulma ta karanta rubutun waɗanda suka kashe kansu?

Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba. Abin da kowa ya sani, kashe kai haramun ne, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana. Karanta waƙar mutum kuma ba amincewa ba ne da yadda ya ƙare, kamar yadda almajiran Larabci ke haddace waƙoƙin jahiliyya ba su bauta wa gunki ba. Kukan rashi a waƙa ma ba baƙo ba ne a wurinmu, tunda al-Khansa'u da marsiyyoyinta ga ɗan'uwanta Sakhr suna cikin abin da ake karantawa a zaure. Ni abin da karatun nan ya ƙara mini shi ne sassauci wajen yanke wa mai ciwo hukunci.

Irin wannan karatu ba zai cutar da 'yan mata masu tasowa ba?

Zai iya, idan aka miƙa shi ta hanyar da ba ta dace ba. Tun da Goethe ya fitar da labarin matashi Werther a 1774 ake zargin wasu samari sun kwaikwayi ƙarshensa, kuma a 1974 masanin zamantakewa David Phillips ya nuna yadda yayata labarin kisan kai ke iya jawo kwaikwayo. Haɗarin ba a cikin waƙar da ta faɗi zafi yake ba. Yana wurin masu yanko baiti ɗaya su ɗora a kan hoton yarinya mai hawaye su watsa a Instagram, su mayar da ciwo ado. Malama ko uwa da za ta ba yarinya Plath, ta zauna su karanta tare, ta gaya mata cewa wannan mata ta yi ciwo a 1953 an yi mata magani ta warke, ta ƙara shekara goma masu albarka.

Idan kuma ke ce kika ji waƙoƙin nan suna faɗin abin da ke ranki fiye da kima, barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranki, kina jin gara babu ke, 'yar'uwa, wannan ciwo ne mai magani. Ba raunin imani ba ne, kuma "ki yi haƙuri" kaɗai ba ya warkar da shi. Mai jego ma yana kama ta, a ce aljanu ne ko sammu. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Kafin komai, ki gaya wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, yau ɗin nan.

Daga ina ya kamata in fara?

Ki fara da Mariama Bâ, gajere ne, an fassara shi zuwa Turanci, kuma za ki ga gidanku a ciki. Daga nan labarin Gilman, wanda zama ɗaya ya ishe shi, sai na Woolf a hankali.

Idan kin zo kan Plath, ki kula da wane Ariel kika saya, don guda biyu ne. Na 1965 Ted Hughes ne ya tsara shi. Ya cire wasu waƙoƙi kusan goma sha biyu, ya ƙara waɗanda ta rubuta a makonninta na ƙarshe, sai kundin ya zama kamar gangara zuwa kabari. Shi ne kuma ya amsa da bakinsa cewa ya lalata littafin ajiyar sirrinta na ƙarshe don kada 'ya'yansu su karanta. A 2004 aka fitar da kundin yadda ita ta jera shi a kan teburinta, da gabatarwar 'yarta Frieda. Nata tsarin ya fara da waƙar haihuwar Frieda, kalmar farko ita ce so. Ya ƙare da waƙoƙin ƙudan zuma, don ta yi kiwon zuma a Devon a shekararta ta ƙarshe, kamar yadda mahaifinta ya yi nazarinsu. A waƙar rufewa, ƙudan, dukansu mata, sun dunƙule cikin amya a tsakiyar hunturu suna lasar ruwan sukari, mai waƙar na tambaya ko za su kai baɗi. Kalmar ƙarshe ita ce sunan lokacin da sanyi ke wucewa furanni su fito. Wannan bugun na 2004 za ki nema.